Tsadar Takin Zamani da Abin da Manoma Za Su Iya Yi da Kansu

Jawabi ga manoman ƙasar Katagum da sauran manoman Nijeriya

Ko wace shekara, da zarar damina ta kawo kai, tambaya ɗaya ce ke bakin manomi, ko mai gero da gyaɗa a kewayen Azare, ko mai shinkafa a fadamun kogin Jama'are: me ya sa taki ya yi tsada haka? Waɗansu kuma sukan ce, me zai hana manoma su yi nasu? Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce, sai an san inda kuɗin buhu yake tafiya.

Abin da ke cikin buhu

Takin da ake kira NPK haɗi ne na abubuwa huɗu. Yuriya daga iskar gas ake yin ta, kuma ana yin ta a nan gida, a Onne da Eleme cikin Jihar Ribas, da masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a 2022. Farar ƙasa ma akwai ta a gida. Amma fosfet daga Maroko ake kawo shi, fotash kuwa daga ƙasashe irin su Rasha, kuma da dala ake biyansu. Saboda haka yaƙin Rasha da Yukren na 2022, da faɗuwar darajar naira a 2023, duk sun bayyana a kan buhu. Buhun da aka tsayar wa farashin naira 5,500 a 2017, ƙarƙashin shirin taki na Shugaban Ƙasa, yanzu ya ninka wannan sau da yawa.

Bayan wannan akwai kuɗin hanya. Daga Onne zuwa Azare ya haura kilomita 1,000, kuma a tirela kayan ke zuwa. Sai ladan dako, da hayar sito, da ruwan bashin banki, da ribar ko wane dillali da buhun ya bi ta hannunsa.

Misalai daga waje

A Nijeriya gwamnati ce ta fara kafa masana'antun taki, wato ta sufa a Kaduna a 1976, sa'an nan NAFCON ta Onne, wadda ta durƙushe har aka sayar da ita a 2005. A Indiya kuwa ƙungiyoyin gama kai 57 ne suka kafa IFFCO a 1967 tare da tallafin gwamnatinsu, kuma yau dubban ƙungiyoyin manoma ne ke da ita. Sai dai mallakar manoma ba ta hana asara. A Amurka, babbar ƙungiyar manoma mai suna Farmland ta karye a 2002, kuma tsadar gas tana cikin dalilan karyewarta. Darasin shi ne, ko wane ne mai masana'anta, sai ya sayi gas da fosfet a farashin kasuwa.

Inda ƙarfin manoma yake

Manoman Katagum ba su da iko a kan dala ko gas, amma suna da iko a kan abin da ke faruwa bayan taki ya bar masana'anta. Mataki na farko shi ne ƙungiya mai rajista ta tara kuɗi tun da kaka, lokacin da manomi ke da abin hannu, ta sayi mota guda kai tsaye daga kamfanin haɗa taki, kamar wanda ke Bauci. Wannan yana rage dillalai, yana kuma kare manomi daga gurɓataccen taki. Na biyu shi ne sito na ƙungiya, da littafin lissafi wanda ko wane ɗan ƙungiya zai iya dubawa. Sai waɗannan sun kafu za a yi maganar injin haɗa taki, domin jarinsa bai kai ko kusa da na masana'antar yuriya ba.

Kada kuma a manta da takin gargajiya. Ƙasar Katagum jigawa ce mai yashi, kuma kashin shanu da shara suna sa ta riƙe ruwa da takin zamani, har buhu ɗaya ya yi aikin da ya kamata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk mai son kafa ƙungiya, sai ya tuntuɓi malamin gona ko jami'in gama kai na ƙaramar hukumarsa. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.