Barcin Malami Haƙƙin Ɗalibi Ne: Jawabi ga 'Yan Reshenmu na Haɗeja



A tarurrukanmu mun saba tattauna albashi da ƙarin girma da fansho. Yau muna so mu ɗora barci a kan wannan jeri, domin shi ne abin da muka fi saurin yankewa idan ɗawainiya ta yi yawa.

A shekarar 2015 manyan ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka yi ittifaƙi cewa baligi yana bukatar aƙalla awa 7 kowane dare, kuma mafi yawan mutane bukatarsu tana tsakanin awa 7 zuwa 9. Mu yi lissafi irin na aji. A nan Haɗeja muna tashi sallar asuba wajen ƙarfe 5. Wanda yake son awa 7 ke nan sai ya kwanta ƙarfe 10 na dare. Mutum nawa ne a cikinmu suke kwance a wannan lokaci?

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Albashi ba ya kai wata, saboda haka da yawanmu in an tashi daga makaranta sai fadama: shinkafa da damina, noman rani da ban-ruwa har bayan magariba. Bayan isha'i ga takardun jarrabawa na jiran dubawa, ga darasin gobe. Malama kuwa ba ta taɓa jan biro sai ta gama da tukunya da yara. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ɗaki ya gagari kwana. Damina ta sauka, sauron fadama ya karɓi aiki. A ambaliyar 2022 mutanen garin nan sun kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa. Wannan larura ce ta 'yan makonni, kuma ta cancanci sadaukarwa. Abin tsoro shi ne ƙarancin barcin da ya zame mana jiki shekara da shekaru.

A 2003 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya sun taƙaita barcin wasu lafiyayyun mutane zuwa awa 6 har tsawon mako 2. A ƙarshe natsuwarsu da saurin fahimtarsu sun faɗi kamar na wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba. Amma da aka tambaye su, sai suka ce ɗan barcin da suke ji bai taka kara ya karya ba. Saboda haka idan ɗayanmu ya ce ya saba da awa 5, da gajiyar ya saba, ƙwaƙwalwarsa kuwa tana nan tana bin sa bashi.

A aji ake biyan wannan bashi: kuskure wajen haɗa maki, mantuwar sunan ɗalibi, tsawa a kan laifin da bai kai ya kawo ba. A hanya kuma, gyangyaɗin daƙiƙa 3 a kan babur tsakanin Haɗeja da Auyo ko Malam Madori ya isa ya mayar da yara marayu. Bincike da dama sun kuma danganta ƙarancin barci mai ɗorewa da hawan jini, ciwon suga da raunin garkuwar jiki.

Akwai abin da yake hannunmu. Goro da shayi suna ɗauke da sinadarin da ke korar barci, kuma rabinsa kan kai wajen awa 5 bai bar jini ba, don haka mu dakata da su daga la'asar. Mu ajiye waya kafin mu kwanta, mu ɗaura gidan sauro. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar, wadda iyayenmu suka riƙe, tana wartsakar da jiki, ko da yake ba ta maye gurbin dare. Wanda iyalinsa suka lura yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, ya je asibiti.

Akwai kuma abin da sai ƙungiya. Muna kira ga shugabannin makarantu su ware sa'o'in duba takardu a cikin jadawalin aiki, su ba da wa'adi mai ma'ana na miƙa sakamako. Muna kira ga reshe ya riƙa kawo hujjar lafiya duk lokacin da yake neman ƙarin malamai, domin cunkoson aji da dare ake biyan kuɗinsa. Iyalanmu kuma muna roƙonku ku taya mu tsaron ƙarfe 10.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a aikinmu. Wassalamu alaikum.