Tsakanin “Ya Isa” Da “Ya Yi Yawa”: Kalmomin Wadata A Turanci



An nemi mu yi tsokaci a kan rukunin kalmomin Turanci masu nuna isa da wadata, wato *enough*, *sufficient*, *adequate* da *ample*, tare da maƙwabtansu *too* da *plenty*. Ƙananan kalmomi ne a ido, amma a kansu ɗalibai suke asarar maki a jarrabawar WAEC da NECO, alhali sai da kiredit a Turanci ake samun gurbi a jami'a. Da su kuma ake rubuta dokoki da takardun da suka shafi aikinmu.

Mu fara daga gida. Bahaushe yakan ce mota ta isa Zariya, tuwo ya ishe mu, yaro ya isa shiga makaranta, ko kuwa ya dubi mai taurin kai ya ce masa, “Ba ka isa ba.” Tushen ma'anar ɗaya ne: kaiwa ga wani mizani. Da wannan fahimta ɗalibi yake shigowa aji, kuma jari ce mai kyau. Aikinmu shi ne mu nuna masa cewa Turanci ya rarraba wannan ma'ana ga kalmomi da dama, kowace da mazauninta da nauyinta.

*Enough* ita ce 'yar gida, domin tun tsohon Turanci take, kuma ita ce ta bakin kowa. Ƙa'idarta biyu. Tana zuwa kafin suna: *enough chairs*, daidai da “isassun kujeru”. Amma tana biyo bayan sifa: *old enough*, *big enough*. A nan ne yara suke tuntuɓe su rubuta *enough old*. Dalili kuwa shi ne Hausa da aikatau take bayyana wannan ma'ana, kamar a “ya isa”, don haka yaro ba shi da abin kwatance, sai ya ɗauki ƙa'idar suna ya ɗora wa sifa. Idan aka jera masa misalan biyu gefe da gefe a allo, yakan gane tun kafin a ƙare darasi.

*Sufficient* baƙuwa ce daga Latin, ta biyo ta Faransanci, kamar ɗimbin kalmomin mulki da shari'a da suka kwarara cikin Turanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Ma'anarta ɗaya da *enough*, sai dai ita mai babbar riga ce: wurinta wasiƙar ofis, rahoto da kotu. Ba ta bin bayan sifa. Ba a cewa *clear sufficient*, sai *sufficiently clear*. Ɗalibin da ya san ya sa *sufficient* a wasiƙa zuwa ga kwamishina, *enough* kuma a wasiƙa zuwa ga abokinsa, ya fara gane bambancin salo da masu duba jarrabawa suke nema.

*Adequate* ita ce mai buƙatar natsuwa. Asalinta a Latin yana nufin abin da aka daidaita da wani abu, saboda haka kullum akwai ma'aunin da take nuni gare shi. Ba adadi kaɗai take aunawa ba, har da inganci. Sa'annan tana da wani sanyi da ƙamus ba koyaushe yake fito da shi ba. Idan sufeto ya rubuta cewa darasin malami *adequate* ne, bai yabe shi ba. Cewa ya yi ya tsallake da ƙyar, irin abin nan na da babu gara ba daɗi. *Ample* kuwa yalwa ce, abin da ya isa har ya yi saura, kamar a *ample time*.

Kasuwar hatsi za ta taimaka mana wajen koyarwa. Mudun da aka cika daidai baki, ba ƙari, shi ne *adequate*. Wanda zai ciyar da gida a ƙoshi shi ne *enough* ko *sufficient*. Idan mai awo ya ƙara gyara, an shiga *ample* da *plenty*. Idan kuma aka yi ta zubawa har hatsi yana malala a ƙasa, an kai *too much*, wato ɓarna.

Wannan ya kawo mu ga *too*, wadda ta fi kowace wahalar da ɗalibanmu. Yaro zai so ya yabi mahaifiyarsa, sai ya rubuta *my mother is too beautiful*, yana nufin kyakkyawa ce ƙwarai. Abin da ya faɗa a daidaitaccen Turanci shi ne kyawun nata ya wuce kima har ya zama matsala. Hausa ta riga ta raba su: “shayin yana da zafi ƙwarai” shi ne *very hot*, “shayin ya cika zafi” shi ne *too hot*, ba ya shawuwa. Atisaye mai amfani shi ne juya jimla. Tun da shekara 18 ce ta jefa ƙuri'a a Nijeriya, ɗan shekara 16 *too young to vote* ne, haka kuma *not old enough to vote*. Ita kuwa *plenty*, Turancin buroka ya saba wa kunnen yara da *plenty people*. A rubutu sai an sa mata *of*: *plenty of people*.

Kada mu ɗauka batun ya tsaya a aji. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka ɗora wa gwamnati samar da damar ilimi ga kowa a dukkan matakai, kalmar *adequate* ya yi amfani da ita. Sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa. Mun kuwa ga cewa *adequate* ba ta da ƙarfi sai an ajiye ma'auni kusa da ita. Ma'aunin yana nan: Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, ta kuma sa takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa.

Saboda haka idan muka rubuta takardar bayan taro muna neman *adequate teachers*, mun bar ƙofa biyu a buɗe. Mai karatu zai iya fahimtar malamai masu dama-dama muke so, ba ƙarin adadi ba. Zai kuma iya cewa waɗanda ake da su sun wadatar, tun da ba mu ambaci lamba ba. Amma idan muka nemi *a sufficient number of qualified teachers*, muka biyo da malami ɗaya ga yara 35, muka kuma rubuta yawan yaran da ke kowane aji a makarantunmu, babu sauran wurin zamewa. Wanda zai amsa mana, da lissafi zai amsa.

Shawararmu ga malaman Turanci ita ce su koyar da waɗannan kalmomi a rukuni ɗaya, ba a warwatse ba, su fara daga “isa”, “yalwa” da “cika” da yaro ya riga ya sani, su kuma yawaita atisayen juya jimla. Shawararmu ga sakatarorin reshe kuwa ita ce duk inda *adequate* ta fito a takardarmu ko a amsar da aka aiko mana, a tambaya: da wane mudu aka auna?

 Allah ya sa albarka a aikinmu, ya ba ɗalibanmu sa'a.