Kafin Ka Ce "Na Tabbata"

Ni ne tafintan jami'ar kare 'yan gudun hijira, kun saba ganina a gefenta. Yau ta ba ni dama in yi magana da bakina.

Sau da yawa a nan Bantama wani kan ja ni gefe ya ce, "Malam, sunana ya fito cikin masu tafiya Amurka?" In na ce ban san da wannan jeri ba, sai ya yi murmushi, wai ɓoyewa nake. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya baro gida da gona, dole zuciyarsa ta nemi abin riƙewa. Ya ji maganar a ƙofar masallaci, ya ji ta a kasuwar Kejetia, ya sake jin ta a WhatsApp, sai ya ɗauka shaidu uku ne, alhali daga baki ɗaya ta fito. Daga nan duk labarin da ya dace da ita gaskiya ne a wurinsa, wanda ya saɓa mata kuwa ƙarya.

Ku tuna da Buduburam, sansanin 'yan Laberiya kusa da Ankara. An kai wasunsu ƙasashen Turawa, shi ya sa saura suka zauna jira shekara da shekaru. Ranar 30 ga Yuni 2012 matsayinsu na gudun hijira ya ƙare, zaɓi biyu ya rage: komawa gida ko zama a Gana. A duniya duka, waɗanda ake kaiwa wata ƙasa ta uku a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A Janairun 2025 ma Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira.

Ban ce ku daina sa rai ba. Amma in labari ya zo, ku tambaya: wa ya faɗa, gani ya yi ko ji? Kuɗi yake nema? Aikin UNHCR da na Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Gana kyauta ne. Wanda ya ce ku ba shi sidi ya sa sunanku, ɓarawo ne.

Kada ku cire yara daga makaranta ko ku sayar da jari saboda tafiyar da ba ku ga takardarta ba. Zuwa da kai ya fi aike, ku zo ku tambaye mu. Kuma wanda ya sauya ra'ayi don ya ga hujja bai yi abin kunya ba.

Allah Ya ba mu mafita.