Hattara da Fankar Injin Shuka Mai Zuba Taki

'Yan'uwa manoma na Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar.

Yau maganarmu a kan injin shuka ne, irin wanda tarakta ke ja, yana shuka iri yana zuba takin zamani a lokaci guda. Galibinmu ba mu da shi, haya muke yi, ko mu haɗa kuɗi a ƙungiya. Amma in ya zo gona, mu da 'ya'yanmu ne ke ɗura masa taki, mu ne ke bin bayansa. To, ashe dole mu san inda haɗarinsa yake.

Wasu injinan suna da fanka. Ita ce ke hura iska ta kori taki daga mazubi, ya bi ta cikin tiyo har ya sauka gefen layin shuka. Ƙarfinta daga tarakta yake zuwa, ko ta tiyon mai, ko ta wata sandar ƙarfe mai juyawa a bayan tarakta. Sandar nan takan juya sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa guda. In ta kama bakin riga, kafin ka ce wayyo ta naɗe hannu.

Ga abubuwan da za ku kiyaye:

1. Kada ka zo wurin inji da babbar riga, ko rawani mai jela. Sa 'yar shara ko taguwa wadda ta kama jiki.

2. Kafin a tayar, duba ragar da ke bakin fanka da murfin sandar nan. In babu su, ce wa direba ba za a yi aiki ba sai an mayar. Gonarka ce, kana da iko.

3. Takin Yuriya yana shan laima ya dunƙule, musamman in buhu ya kwana a buɗe da damina. Dunƙulen nan ne ke toshe tiyo. Farfasa shi, ka tace da rariya kafin ka zuba, kuma ka cire zaren buhu da tsakuwa.

4. In tiyo ya toshe, direba ya kashe tarakta, ya zare makulli. Sa'an nan ku jira. Fanka ba ta tsayawa nan take, takan ci gaba da juyawa ko an kashe inji. Sai ta yi tsit tukuna a taɓa. A zungura da sanda, ba da yatsa ba, kuma kada a leƙa bakin tiyo.

5. In tiyon mai yana yoyo, kada ka laluba da hannu. Man yana fitowa da ƙarfin da zai huda fata. Kara kwali a wurin ka gani.

6. Kada kowa ya hau injin yana tafiya. Yara kuwa su tsaya can bakin gona.

7. Lokacin ɗura taki, ba iska baya, ka rufe hanci da ƙyalle. In taki ya shiga ido kada ka murza. Wanke da ruwa mai tsabta har minti 15, in zafin bai daina ba a nufi asibiti.

Bayan an yi layi ɗaya ko biyu, a tsaya a tona a gani. Taki ya kasance kamar yatsa uku daga iri, wato santimita 5. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe laima, in taki ya taɓa ƙwayar gero ko dawa sai ya ƙone ta, ka yi asarar iri da kuɗin haya.

In an tashi aiki a kwashe sauran taki, a wanke mazubi a bar shi ya bushe, domin taki yana cin ƙarfe.

Na san da ruwan shuka ya sauka kowa gaggawa yake yi, ga masu jiran tarakta a layi. Amma minti biyar na jiran fanka ta tsaya bai kai rasa hannu ba. Mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.