Kek Ɗin Cakulan Ba Ƙwai, Ba Madara

Yau za mu yi magana a kan wani kek na mutanen Amurka. Kek dai gurasa ce mai zaƙi da laushi, wadda aka saba haɗawa da ƙwai da madara da man shanu. Amma wannan babu ko ɗaya daga cikinsu.

Ga yadda aka yi ya bazu. A shekarar 1929 kasuwa ta faɗi a Amurka, aka shiga tsanani. Kafin 1933, cikin kowane ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aikin yi. Ƙwai da man shanu suka fi ƙarfin talaka. Bayan wannan kuma sai ga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 hukuma ta ƙayyade sukarin da kowa zai saya, a 1943 ta ƙayyade man shanu. Amma yara ba su daina son zaƙi ba. Saboda haka matan gida suka riƙa yin kek da ɗan abin da ke hannunsu. Har yanzu ana yinsa, musamman domin yaran da ƙwai ko madara ke ɓata wa jiki.

To, ƙaƙa kek zai tashi ba ƙwai? Ku tuna da ƙullun waina. In ya yi tsami, uwargida takan zuba ruwan kanwa, sai ya yi kumfa. Tsami da kanwa in sun gamu, iska suke haifarwa. Haka abin yake a nan. Akwai wani farin gari ɗan'uwan kanwa, ana ce da shi bakin soda, ana samunsa a kanti. In ya gamu da ruwan khal ko ruwan lemun tsami, sai iska ta taso cikin kwaɓin. Wuta ta kama kwaɓin, ƙofofin iskar nan su tsaya. Shi ne laushin kek. Man gyaɗa ya tsaya a madadin man shanu, ruwa a madadin madara. Danƙon alkama kuwa shi ke riƙe shi kada ya warwatse.

Ga kayan da za a tanada:

Fulawa, kofi 1 da rabi.
Sukari, kofi 1.
Garin koko, babban cokali 4.
Bakin soda, ƙaramin cokali 1.
Gishiri, rabin ƙaramin cokali.
Man gyaɗa, babban cokali 5.
Ruwan khal ko na lemun tsami, babban cokali 1.
Ruwan sanyi, kofi 1.

Ku lura, kokon nan ba na gero ba ne. Garin 'ya'yan wani itace ne, da shi ake yin cakulan. Ana nomansa a Kudancin Nijeriya da Gana. A sayi zallansa mai ɗaci, wanda ba a haɗa da madara ba.

Kafin a taɓa fulawa, a fara da wuta. Mai tanda ta sa zafi 180. Wadda ba ta da tanda ta sami babbar tukunya, ta zuba yashi mai tsabta a gindinta, ta rufe, ta aza bisa garwashi har ta yi zafi. Sa'an nan ta shafa wa gwangwanin gashi mai.

A tankaɗe fulawa da koko da soda a kwano, a zuba sukari da gishiri, a gauraya. A yi rami uku cikin garin. A zuba mai a na fari, tsami a na biyu. Na uku na kayan ƙamshi ne, in akwai. Sai a kwarara ruwa bisa duka, a juya. Da gari ya ɓace a daina juyi, gama yawan juyi yakan sa kek ya yi tauri.

Nan ne wurin hankali. Tun daga lokacin da tsami ya taɓa soda, iska ta fara fita. In aka ajiye kwaɓin aka tafi hura wuta, ko aka tsaya gaisuwa da maƙwabciya, iskar za ta tsere. Kek ya fito a daskare, an yi asarar fulawa da sukari. Don haka a juye a gwangwani nan da nan, a aza bisa yashi, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfi.

Awon soda kuma a kiyaye shi. A shafe bakin cokali, kada a yi tozo. In ta yi yawa, kek zai yi ɗanɗanon sabulu.

Kada a buɗe tukunya sai bayan minti 25. Wajen minti 30 ko 35 a soka tsinke mai tsabta a tsakiya. In ya fito ba kwaɓi, kek ya nuna. A sauke, a bari ya huce tukuna, gama da zafi yakan marmashe. Sa'an nan a yanka gida 9, kowa ya samu.

Allah ya ba da sa'a. Wassalam.