Jawabi Kan 'Yan Kwana-Kwana da Gobara a Garin Jos



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai shi ne tarihin 'yan kwana-kwana a wannan gari namu. To, aikin nan a Ikko ya soma, tun farkon mulkin Turawa, kuma a lokacin reshe ne na 'yan sanda. Sai a 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya. Da aka ƙirƙiro jihohi, Binuwai-Filato a 1967, sannan Filato a 1976, nauyin kashe wuta a Jos ya dawo wuyan gwamnatin jiha.

Amma kafin duk wannan, su wa ke kashe wuta? Kakanninmu ne. Kuza ce ta kawo su, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Zariya a 1914 ya ƙaro jama'a. Ɗakunan ciyawa ne, ga iskar hunturu, ga sanyin Jos wanda sai an shiga da kaskon wuta ɗaki. Da an ji kururuwa kowa sai ya fito da tulu ko garwa, wasu na ɗibar ƙasa, samari na yaye jinkar maƙwabta don wutar ta rasa abin ci. Dabara ce mai kyau, amma ta zamanin bukka ce.

Ranar da muka gane haka ita ce ta gobarar babbar kasuwar Taminus, cikin watan Fabrairu na 2002. Kasuwa ce da aka buɗe a 1985, mai shaguna fiye da 4,000, ana zuwa kallonta daga nesa. Wuta ta tashi cikin dare, gari ya waye dukiya ta zama toka. Da yawa a cikinmu nan, ko su ko iyayensu, a ranar suka karye, wasu har suka koma ga Allah ba su farfaɗo ba. Aka shafe fiye da shekara 20 ba a sake gina ta ba.

Mun saba ɗora laifi kan 'yan kwana-kwana, wai ba sa zuwa sai an gama. Wani lokaci da gaskiyarmu. Sai dai fa motar nan ruwan da ke cikinta na 'yan mintoci ne, in ya ƙare babu famfon da za ta zuƙa a kusa, dole ta koma. Sannan ku dubi lungunanmu na Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo. Wannan ya fito da dakali, wancan ya kafa teburin sana'a, ina babbar mota za ta bi? In kuwa sun iso a makare yara suka tare su da jifa, wallahi gobe da ɗari-ɗari za su zo.

Saboda haka muna roƙon masu unguwanni su zagaya da mu a buɗe hanyoyin da aka toshe kafin hunturu ya kama. Masu ajiye fetur a cikin gida kuma, dattawa za su same su ɗaya bayan ɗaya. Lambar ofishin kwana-kwana sakatare zai rubuta a liƙa a ƙofar kowane masallaci.