BA A KIWON KARE RANAR FARAUTA

Wani ma'aikacin gidan likitan bisashe ya ziyarci cibiyar yaƙi da jahilci ta wani ƙauye cikin jihar Maradi. Maigari ya sa aka yi shela. Bayan la'asar maza da mata suka taru gindin bedi. Baƙon ya gaida jama'a, sannan ya yi bayani bisa kiwon kare. Ga abin da ya faɗa, don a karanta shi cikin kowace cibiya.

AMFANIN KARE

Ya ce kare ma'aikaci ne wanda ba ya amsar albashi. Da dare yana gadin gida da rumbu. A daji yana korar dila daga ƴan awaki. Buzayen Azawak, arewa da Tawa, suna da wani kare siriri mai dogayen ƙafafu, mai gudun gaske. Turawa sun kai irinshi ƙasashensu, suna kiran shi da sunan Azawak. Malamai kuma sun ce an yarda a aje kare don tsaron bisashe, da gona, da farauta. Amma wanda ya aje shi, ci da sha da lafiyarshi suna wuyanshi. Karen da aka bari da yunwa shi ne ke zama ɓarawon ƙwai. Karen da ba a yi ma allura ba shi ne ke kawo mutuwa cikin gida.

HAIHUWA DA YAYE

Kariya tana yin kamar kwana 63 da ciki. In ta kusa haihuwa, a gyara mata wuri mai inuwa, inda ruwan sama ba ya shiga. A ƙara mata abinci, don ita ke ci ma ɗiyanta. A hana yara zuwa kusa, don kariya mai jego tana cizo.

Kwikwiyo yana buɗe ido tsakanin kwana 10 da kwana 14. In ya yi sati 3 ko 4, sai ya fara lasar kunu. Kada a raba shi da uwarshi kafin ya cika wata 2. Wanda aka ɗauke da wuri yakan tashi ba ƙarfi, ga tsoro, ga yawan cizo. Wajen uwa da ƴan uwa yake koyon wasa ba tare da jin ma wani ciwo ba.

Mai zaɓen kwikwiyo ya duba ido da hanci, su zama ba kwantsa, ba majina. Ya zaɓi mai kuzari, wanda ke zuwa in an miƙa mashi hannu.

ABINCI DA RUWA

Cikin kwikwiyo ƙarami ne. A ba shi kaɗan kaɗan:
1. Daga yaye zuwa wata 3, sau 4 a yini.
2. Daga wata 3 zuwa wata 6, sau 3.
3. Bayan wata 6, sau 2, safe da maraice.

Tuwon hatsi kaɗai ba ya gina jiki. A haɗa mashi da nono, ko dafaffen wake, ko guntun nama ko kifi da aka dafa. Kada a ba shi albasa, da tafarnuwa, da goro, don suna cutar da kare. Kada a ba shi ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke hanji. A ware mashi kaskonshi na ci da na sha, a wanke su kullum. Lokacin bazara kada kaskon ruwa ya bushe.

HORO

Likitan ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wata 3 na farko su ne lokacin koyo. A sa mashi suna gajere, kamar Duna ko Zaki. A kira sunan duk lokacin ba shi abinci. Cikin ƴan kwanaki zai gane kira.

A koya mashi kalma ɗaya ɗaya: zo, zauna, bari. In ya yi daidai, a ba shi loma nan take, a shafa mashi kai. Minti 5 sun isa, amma a yi kullum. Duk mutanen gida su riƙa faɗin kalma iri ɗaya.

A ɗaura mashi igiya mai laushi, a zagaya da shi cikin kaji da awaki tun yana ƙarami. In ya zabura zai bi kaza, a ja igiya a ce bari. Wanda ya tashi cikin garke ba ya ɓarna cikin garke.

Duka ba ya koya ma kare komi. In ya yi ɓarna da safe aka buge shi da maraice, bai san laifinshi ba. Abin da zai koya shi ne tsoron mutum, kuma kare mai tsoro shi ya fi cizo. A gaya ma yara kada su ja mashi wutsiya, kada su jefe shi, kada su taɓa shi yana ci ko yana barci.

TSUTSA DA KASKA

Yawancin kwikwiyoyi da tsutsa ake haihuwarsu. Alamarta ita ce babban ciki, da rama, da zawo. Ana fara ba su magani suna da sati 2. A maimaita kowane sati 2 har su cika wata 3. Babban kare kuma kowane wata 3. Likitan bisashe ne ke faɗin yawan magani bisa nauyin kare.

In an yanka tunkiya aka ga ƙulli mai ruwa cikin hanta ko huhu, kada a jefa ma kare. A ƙone shi ko a bizne shi da zurfi. In kare ya ci, tsutsa za ta girma cikin hanjinshi. Ƙwanta ya fito cikin kashi, ya shiga bisashe da mutane. Saboda haka a kwashe kashin kare daga inda yara ke wasa, a wanke hannu da sabuni kafin a ci abinci.

A duba kunnuwa da tsakanin yatsu, a cire kaska. Kada a shafa ma kare maganin ƙwarin gona ko baƙin man mota. Yana lasa ya mutu.

HAUKAN KARE

Da ya zo nan, likitan ya roƙi jama'a su buɗe kunne. Ya ba da labarin wani yaro da kwikwiyo ya ciza ga yatsa. Ciwon ƙarami ne, jini ma kaɗan ya fito. Aka sa mashi toka, ciwo ya warke, kowa ya manta. Bayan wata 2 yaron ya kama zazzaɓi. In an kawo mashi ruwa sai ya firgita, ya kasa haɗiya. Aka kai shi gidan likita, amma lokaci ya wuce.

Ya ce Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar haukan kare tana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, yawanci a Afirka da Asiya. Cikin 10, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Cutar tana cikin yawun kare. In alamunta sun fito ga mutum, ba ta da magani. Amma tana da rigakafi. Wani masani na Faransa, Luwi Fastar, shi ya fara ceton wani yaro da allura a shekarar 1985 ban da 100, wato 1885.

A yi ma kwikwiyo allurar hauka in ya cika wata 3. A sake kowace shekara, a adana takardar. In an yi ma karnuka 7 cikin 10 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa.

Mahaukacin kare yana sake hali. Yawu na zuba, muryarshi ta sake, yana cizon icce da dutse. Wani kuma ba ya faɗa, sai bakinshi ya saki kamar ƙashi ya maƙale mashi. Kada kowa ya sa hannu cikin bakin nan. A sanar da maigari da likitan bisashe.

IN KARE YA CIJI MUTUM

1. A wanke ciwon da ruwa mai yawa da sabuni har minti 15.
2. Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙasa. Kada a ɗaure shi tamau.
3. A kai mutum gidan likita ranar nan, ko da ciwon ƙarami ne.
4. A amshi allurai duka, kada a tsaya a tsakiya.
5. In karen na gida ne, a ɗaure shi, a ba shi ci da sha, a lura da shi kwana 10 ko fiye, yadda likita ya ce. Amma kada a jira kwanakin su cika kafin a tafi gidan likita.

TAMBAYOYI

Wani dattijo ya ce: Malam likita, mun taras iyayenmu suna yanke ma kwikwiyo kunne don ya yi zafi. Likitan ya amsa: Baba, zafin kare daga iri ne da horo. Yankan kunne ciwo ne kawai, ƙuda su bi shi.

Wata mata ta ce: Kuɗin mota zuwa gidan likita fa? Ya ce: Inna, gaskiya ne akwai nauyi. Amma a saida kaza ko akuya a kai yaro. Akuya tana sake haihuwa. Ya ƙara da cewa allurar kare ɗaya ta fi alluran mutum araha nesa ba kusa ba.

Daga ƙarshe maigari ya yi godiya. Ya sa ɗaliban cibiya su bi gida gida, su rubuta sunan kowane mai kare da yawan karnukanshi. Za a kai takardar gidan likitan bisashe, don a tsaida ranar allura.